Ku Tambayi Kawu: Kekena zai iya zagaye tafkin Bosomtwe kuwa?

TAMBAYA: Salamu alaikum Kawu, ya gida ya iyali. Dan Allah shawara nake nema, ni ɗinki nake a Aboabo kuma abokaina su 3 sun shirya zasu je zagaye tafkin Bosomtwe da keke bayan sallah, biyu daga cikinsu suna da irin keken nan na burji mai lanƙwasasshen kai da taya mai ɗan faɗi, ni kuma nawa homyus ne, wato na hannu, mai giya irin na hawan dutse, da shi nake zuwa shago kullum. Sun ce nawa ba zai kai ba sai na sayi irin nasu, kuɗin kuwa ya fi ƙarfina sai dai in ci bashi. Sannan Hajiyarmu ta ce ruwan na iskokai ne bata yarda ba. Ya zan yi? Kuma daga Kumasi zamu iya zuwa mu dawo a rana ɗaya?
Daga wani ɗanka a Aboabo, Kumasi.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana, gida lafiya alhamdulillahi, ya ɗinki. Na farko dai kar ka ci bashin nan, ko sidi ɗaya. Keken da abokanka suke hawa yana da daɗi ba musu, mara nauyi ne, a kan kwalta yana gudu in an sauka burji ma bai damu ba, tayarsa kan kai milimita 35 zuwa 50. Amma naka tayarsa ta fi tasu faɗi, giyarsa ta hawa kuma ta fi tasu laushi, kuma wallahi a Bosomtwe waɗannan biyun su ake nema. Daga Atonsu zuwa Kuntanase, a kan kwaltar da ta tashi daga Kumasi ta nufi tafkin, zasu wuce ka, wannan kam ka sani tun yanzu, amma daga inda kwalta ta ƙare zaka ga ku duka ɗaya ne.

Bari in faɗa maka yadda wurin yake don shi ne abokanka basu yi maka bayani ba. Tafkin nan a cikin rami yake, kamar ruwa a gindin ƙwarya. Masana sun ce wani ƙaton dutse ne ya faɗo daga sama, fiye da shekara miliyan 1 da suka wuce, ya haƙa ramin, faɗinsa kilomita 10 da rabi, ruwan da ya taru a ciki kuma wajen kilomita 8, ba kogin da yake fita daga cikinsa, ruwan sama da ƙananan rafuka ke cika shi rana ke shanye shi. To kaga duk wanda zai je bakin ruwan sai ya gangara, duk wanda zai koma gida kuma sai ya hau. Gangaren da ake yi zuwa Abono, ƙauyen da baƙi suka fi sauka, yana da kwana-kwana kuma da tsayi, da safe iska na kaɗa ka kana hango ruwan shuɗi ta tsakanin itatuwa zaka ji kamar kar ya ƙare, to wannan gangaren dai shi ne yake jiranka da la'asar lokacin da cinyoyinka sun gama aiki. Ran da na fara zuwa, a hawan nan na tarar da wani yaro zaune a gefen hanya ya kwantar da kekensa mai tsada, leɓensa ya bushe ya yi fari, gorarsa ba ko ɗigo, da ƙyar yake amsa sallama, sai da muka ba shi fiyawata biyu da ayaba ya zauna kusan rabin awa kafin ya iya miƙewa ya tura. Har yau in na tuna fuskarsa sai gabana ya faɗi, domin da mu bamu biyo ba ban san ya zai yi ba.

Saboda haka ɗan kuɗin da kake da shi kai wa mai gyara, ka tsaya a kansa. Birki gaba da baya a sa sabon roba, in wayar ta fara tsattsagewa a canza. Ya duba giya ta riƙa shiga har ta ƙarshe mai laushin nan ba tare da sarƙa tana tsalle ba, ya ɗaure sifok, taya in ta suɗe a sake. Ka riƙe tub guda 2, faci da gam, ƙaramin famfo, sifana. Hular kwano dole, ko aro ne. In zaka gangara ka matsa baya kan sirdi, ka riƙa danna birki biyun kaɗan-kaɗan kana saki, kar ka damƙe na gaba shi kaɗai a kan tsakuwa, nan take zai zubar da kai. In kun bar kwalta kuma ka ɗan rage iskar taya, ta fi kama ƙasa kuma gargada bata jijjiga ka sosai.

Zagayen kansa wajen kilomita 30 ne, amma kar lambar ta ruɗe ka, ba irin 30 ɗin titi ba ce. Wani wurin jan burji ne mai kyau, wani wurin 'yar hanyar ƙafa ce ta cikin gonakin koko da ayaba da rogo, saiwoyi a kwance, ruwa ya zaizaye ƙasa, akwai inda dole ka sauka ka tura ko ma ka saɓa keken a kafaɗa. In ka haɗa da zuwa da dawowa daga Kumasi, kilomita 30 da ɗoriya kowanne, kun doshi 100 kenan, ga shi nan garin ƙarfe 6 rana ta faɗi duk shekara. Ni ban ba ku shawarar rana ɗaya ba a zuwan farko. Ko ku sa kekunan a mota zuwa Kuntanase ku fara daga can da sassafe, ko ku kwana a Abono akwai masauki. Ku duba ma lokacin da sallar ta faɗo, in cikin damina ce, Afrilu zuwa Yuli ko Satumba da Oktoba, jan ƙasar nan tana zama taɓo mai danƙo ta cushe tsakanin taya da birki har keken ya ƙi juyawa, gara ku jira hunturu, Disamba ko Janairu, hazo zai ɗan rufe muku hange amma ƙasa a bushe take. Ruwan sha kowa lita 3 aƙalla, ku ƙara a ƙauyuka, da kuɗi a hannu kanana don ba ko'ina momo, kuɗin waya, zai yi muku ba.

Sai maganar Hajiya, kuma ita ce ta fi nauyi a wurina. Abin da ta ji yana da tushe, Tonawa, wato Asante masu ƙasar, suna girmama ruwan nan ƙwarai, a al'adarsu nan ne ran mamaci yake zuwa ya yi bankwana, shi ya sa tun da basa son ƙarfe ya taɓa ruwan, masunta kan wani falankin itace suke hawa da suke kira padua, mutum ya zauna a kai ƙafafu cikin ruwa yana tuƙi da hannu, da sassafe zaka gansu suna fitowa da ƙananan karfasa. Mu ba aƙidarmu ba ce, amma garinsu ne, ku gaisa da mutane, ku rage gudu cikin ƙauye saboda yara da awaki, kar ku ɗau hoton kowa sai da izini, in aka ce nan ba a shiga to ba a shiga. A 2016 UNESCO, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa wurin cikin wuraren da ake kare halittunsu, ledar fiyawata ku mayar aljihu. Abin tsoro na gaske zurfin ruwan ne, tsakiyarsa ya kai wajen mita 80, in baka iya iyo ba iyakarka idon sawu.

Ka zauna da Hajiya bayan magariba ka yi mata bayanin nan a natse, ka faɗa mata su wa zaku tafi tare, ina zaku kwana, ka yi mata alkawarin ba zaka shiga ruwa ba kuma zaka kira ta duk inda ka samu sabis. In ta amince ka nemi addu'arta ka tafi. In ta ce a'a ka haƙura da wannan karon ɗana, ka ci gaba da motsa ƙafa ranar da baka buɗe shago, ka riƙa zuwa Kuntanase kana dawowa, in Allah ya kai mu hunturu sai ka sake tuntuɓarta. Ka gaishe min da ita.