Waya za ta iya auna gudun ruwa a kanal?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne, muna kuma noman rani a wajen Kura. Malaminmu ya ce wai yanzu da bidiyo kawai ana auna gudun ruwa ba sai an tsoma na'ura ciki ba. Wayata Tecno za ta iya ko sai kyamara mai tsada?

Amsa: Wa alaikumus salam. Za ta iya, amma fa ka sani abin da waya take gani fuskar ruwa ce kawai, kuma a nan rigimar take.

Asalin dabarar sunanta PIV. A ɗakin bincike sai su zuba wasu ƙwayoyi ƙanana a ruwa, su haska leza siririya kamar takarda ta ratsa ruwan, kyamara ta ɗauki hoto biyu a jere tsakaninsu ko ƙiftawar ido bai kai ba, kwamfuta ta duba inda ƙwayoyin suka matsa ta raba da lokacin, shikenan gudu ya fito. A shekarun 1990 wani masani ɗan Japan, Ichiro Fujita, ya fito da ita waje ya gwada a kan koguna, ba leza, kumfa da tarkacen da ke yawo saman ruwa su ne ƙwayoyin. Ita ake kira LSPIV, ita ce kuma malaminka yake nufi.

Kai ma fara lissafawa da kanka tukuna, ba manhaja. Sa alama biyu a bakin kanal, tsakaninsu mita 3, ka auna da tef ba da ƙafa ba. Hau gada ko wani tudu ka kafa wayar tana kallon ƙasa, kar ka riƙe a hannu don Allah, girgizar hannunka ma kwamfuta gudun ruwa za ta ɗauke ta. Watsa buntun shinkafa daga sama, ai ku a Kura ba ku rasa shi. Yawancin wayoyi in suna bidiyo hoto 30 suke ɗauka a daƙiƙa, to in buntun ya ci hoto 120 kafin ya tsallake alamomin, daƙiƙa 4 kenan, wato mita 0.75 a daƙiƙa.

Toh ga inda mutane ke cin tuwo da ƙasa. Ruwan sama-sama ya fi na ƙasa gudu saboda gindin kanal da gefensa suna riƙe shi, shi ya sa aka saba ninka abin da aka samu da 0.85 don a samu matsakaicin gudun ruwan gaba ɗaya, naka sai ya dawo kusan 0.64. In faɗin kanal mita 2 ne zurfi rabin mita, kusan lita 640 ke wucewa duk daƙiƙa. Zurfin kam dole ka tsoma sanda, waya ba ta da labarinsa.

Sannan fuskar ruwa makira ce wallahi. Ƙyallin rana yana tsaye wuri ɗaya ruwa na wucewa ƙarƙashinsa, sai manhaja ta ce maka wurin ba motsi. Ƙananan igiyoyin ruwa kuma tafiyarsu daban, wani lokaci ma baya suke yi, ga iska in ta taso sai ta riƙa kora buntun fiye da yadda ruwan ke tafiya. Kuma kar ka bi abin da ya nutse, haske yana karyewa a fuskar ruwa, kamar yadda sanda ke zama a lanƙwashe cikin bokiti, inda ka gan shi ba nan yake ba. Ni dai na fi son ɗauka da safe kafin iska ta tashi, ko ranar da hadari ya rufe rana. In kana da tabarau irin mai yanke ƙyalli ɗora shi a bakin kyamarar, yana taimakawa sosai.

In project ne kake so ka ga gudun kowane sashe na kanal ɗin, akwai manhajar kwamfuta Fudaa-LSPIV ta Faransa kyauta ce, akwai kuma PIVlab da ke aiki cikin MATLAB, wata manhajar lissafi. Fudaa za ta nemi ka nuna mata wurare aƙalla 4 da ka san tazararsu don ta miƙe hoton in a karkace ka ɗauka. Bidiyon kuma da kebul za ka tura shi kwamfuta, in ka bi ta WhatsApp zai matse shi buntun ya ɓace.