Tambayoyinku: Ni ina Gombe, mai haɗa min kiɗa yana Legas, ya za mu yi aikin waƙa ta waya?

Assalamu alaikum jama'a. Wannan satin kamar haɗin baki, tambayoyin da suka taru kusan duk na mawaƙa ne masu tasowa, irin waɗanda babu wani kamfani a bayansu, su ne masu rubuta waƙar su ne masu biyan kuɗin situdiyo su ne kuma masu yawo da ita a waya. Ni dai ba mawaƙi ba ne, ko a banɗaki muryata ba ta fita, amma abin da ya shafi fayil da kwamfuta da intanet nan ne gonata, to mu je.

Tambaya: Malam barka da aiki. Ina Gombe ne, wanda yake haɗa min kiɗa kuma yana Legas a Instagram muka haɗu, na ɗauki muryata na tura masa ta WhatsApp sai ya ce wai muryar ta mutu ba zai iya aiki da ita ba, ni kuma da na saurara lafiya lau nake jin ta. Anya ba so yake ya ƙara min kuɗi ba?

Amsa: Ɗan'uwa kar ka zargi bawan Allah, gaskiya ya faɗa maka. In ka danna makirfon ɗin WhatsApp ka yi waƙa, WhatsApp matse sautin yake yi ya zubar da wani kaso mai yawa don kar ya ci data, don hira aka yi shi ba don waƙa ba. Kunnenka a lasifikar waya ba zai kama abin da aka zubar ba, amma shi da zai ɗaga muryar ya sa mata kwamfaresa mai daidaita ƙarfin murya da otocun mai saita murya a kan kiɗa, duk ɓarnar nan sai ta fito fili kamar kana waƙa a cikin gwangwani.

Abin da yake buƙata shi ne WAV. WAV sauti ne ɗanye da ba a taɓa shi ba, MP3 kuma an riga an rage shi. Ka ɗauki muryar a manhaja irin BandLab, kyauta ce kuma tana aiki a Android da iPhone, in ka gama ka fitar da ita a WAV, in akwai zaɓi ka ɗauki 24 bit, sannan ka tambaye shi a wane ma'aunin ɗaukar sauti yake aiki, 44.1 ko 48, don ku tafi daidai. Wajen turawa kuma kar ka tura a matsayin sauti, danna alamar nan ta maƙala fayil ka zaɓi Document, ta nan WhatsApp ba ya taɓa komai kuma yana ɗaukar har 2GB. Ko ka ɗora a Google Drive, kowane Gmail yana zuwa da 15GB kyauta, ka tura masa link kawai.

Ka shirya data fa, domin muryar minti 1 a 24 bit da 48 tana cin kusan 8MB da ɗoriya, waƙar minti 4 kusan 35MB ke nan a layi ɗaya, in layukan muryarka sun kai 10 lissafa da kanka. Sayi datar dare ka tura kowa na barci.

Sai wani wayo da na ga yara suna yi, su ɗauki MP3 su kai shi wani shafi ya juya musu shi zuwa WAV su ce ai ga WAV ɗin. A'a. Kunun da aka riga aka tsinka da ruwa ko a babban kwano ka juye shi ba zai koma da kauri ba, nauyin fayil ɗin ne kawai ya ƙaru.

Tambaya: Yaya dan Allah mene ne sitem? Mai yi min mikisin ya ce in karɓo masa sitem daga situdiyon da na yi rikodin, na je sun ba ni waƙar guda ɗaya ya ce ba ita ba ce. Sannan in na yi a waya muryata tana makara a bayan kiɗa.

Amsa: Ƙanwata abin da mai mikisin ɗin, wato mai daidaita murya da kiɗa, yake nufi a raba masa waƙar gida gida. Ganga daban, bes daban, fiyano daban, in akwai kalangu ko sarewa su ma daban, babbar muryarki daban, muryar 'yan amshi daban, ƙananan shigar nan da ake yi a bayan baiti su ma daban. In an ba shi a dunƙule ba yadda zai yi ya rage ganga ba tare da ya taɓa muryarki ba.

Ki koma ki ce musu su fitar da kowane layi a WAV, kuma duk su fara daga sakan na farko ko da amshin sai a minti 1 yake shigowa, a bar shirun a gaba, don in ya jera su a kwamfutarsa kowa ya faɗa mazauninsa. Muryar kuma a busashe, ba eko ba otocun, in kina son ya ji irin yadda kike so ta fita sai a haɗa masa da wadda aka riga aka yi wa kwalliya a gefe a matsayin misali. Ki rubuta masa gudun kiɗan wato BPM da kuma kii ɗin waƙar wato sautin da aka gina ta a kai, otocun in ba a saita shi a kii ɗin da ya dace ba jan muryar yake zuwa wani wuri daban. Kuma dan Allah a sa wa fayil suna, amshi1, baiti2, ganga, ba Audio 47 da Audio 48 ba.

Maganar makara kuwa kusan na tabbata da iyafis na Bluetooth kike yi, shi Bluetooth kullum yana da ɗan jinkiri tsakanin waya da kunne, wajen kallon fim ba a damuwa amma a waƙa ya isa ya fitar da ke daga kiɗa. Nemi mai igiya ko na bakin titi ne. Kashe fanka, jira maƙwabci ya kashe janareto, ki tsaya kusa da labule ko gaban wadirob mai cike da kaya, ɗaki mai tayil da babu komai a ciki shi ne mafi muni.

Tambaya: Malam an gama min mikisin da mastarin, a situdiyo kamar ginin zai tsage, amma da na ɗora a Spotify sai na ji ba ta fi sauran ƙara ba har ma kamar ta fi su laushi. Cutata aka yi?

Amsa: Ba lallai ba. Spotify da kansa yake daidaita ƙarar waƙoƙi a wajen -14 LUFS, wani ma'auni ne na ƙarar sauti, YouTube ma kusan haka yake yi, duk waƙar da ta zo da ƙara fiye da haka sai su danne ta. To in kai ne ka tsaya a kan injiniya kana ta cewa ƙara wuta ƙara wuta, shi kuma ya matse waƙar har ganga ta daina numfashi, in aka zo aka rage ta sai ta fito a kwance, ƙarar ta tafi bugun ma ya tafi. Mu 'yan arewa muna da wannan ciwon na son komai ya yi ƙara har lasifika ta fara kuka, a gidan biki yana tafiya amma a iyafis gajiyar da kunne yake.

Tunda an zo nan bari in faɗi wani abu a kan gyara. Mikisin shi ne daidaita layukan nan da juna, mastarin kuma shafa ta ƙarshe ce a kan waƙar bayan ta zama guda ɗaya, saboda haka in murya ta nutse a cikin kiɗa matsalar mikisin ce, kar a ce maka mastarin zai gyara. In an turo maka ka saurara a lasifikar waya, a iyafis, a mota ko a ɗan sahu in direban zai ba ka dama, don a nan mutanenka za su ji ta. Sannan ka tara gyaranka ka tura sau ɗaya a rubuce da lokaci, misali a minti 1 da sakan 12 amshi ya danne ni, a minti 2 da sakan 40 kalmar ƙarshe ta ɓace. Amma ka tura masa voice note na minti 7 kana cewa waƙar ba ta shiga jiki ba, wallahi bai san inda zai taɓa ba. Kuma tun farko ku yi magana gyara sau nawa ne a cikin kuɗin, da yawa sau 2 ko 3 suke yarda.

Tambaya: Malam ina cikin damuwa. Mun yi waƙoƙi 6 da wani furodusa shekara biyu da suka wuce, na biya shi kaf, shi ya ɗora min su a Audiomack da Spotify da sauransu. Yanzu mun samu saɓani, na ce ya ba ni fayil ɗina ya ce kwamfutar ta lalace, kuɗin sauraro kuma ban taɓa ganin ko sisi ba, ɗaya daga cikin waƙoƙin ma YouTube sun ce kiɗan na wani ne.

Amsa: Wannan ita ce tambayar da ta fi damuna don kusan duk wata sai na ji irinta. Abu uku ne suka cakuɗe maka.

Na farko ɗorawar. Spotify da Apple Music ba sa karɓar waƙa kai tsaye daga hannunka, sai ta hanyar dillali irin DistroKid ko TuneCore ko CD Baby, kuma kuɗi asusun wanda ya ɗora suke shiga, ba ruwansu da sunan wa aka rubuta a jikin hoton. In da imel ɗinsa ya buɗe, to a wajensu shi ne mai kaya. Abin da za ka nema a wajensa yanzu cikin lalama shi ne lambar ISRC ta kowace waƙa, lamba ce mai harafi da alƙalami 12 da take zama kamar lambar mota ga waƙar. Ka buɗe naka asusun da imel ɗinka, ka sake ɗora waƙoƙin da ISRC ɗin nan da suna iri ɗaya da sauti iri ɗaya, in sun fito sai shi ya sauke nasa, galibi ta haka adadin sauraron ba ya ɓacewa. Kar ka bari ya fara saukewa. DistroKid kuɗin shekara ake biya, CD Baby kuma sau ɗaya ake biya a kan kowace fitarwa sai su riƙa cire kasonsu, duba wanda aljihunka zai ɗauka, kuma DistroKid na da tsarin raba kaso inda kowa kuɗinsa ke zuwa masa kai tsaye ba sai an bi wani da kira ba.

Na biyu kiɗan da YouTube suka kama. Zargina shi ne ya sauko da bit ne, wato kiɗan da aka riga aka haɗa, daga intanet, irin waɗanda ake rubuta free a kansu, ko ya sayi haya a wuri irin BeatStars. Hayar bit na nufin an ba ka izinin amfani ne da sharuɗɗa kuma ana iya ba wa mutum ɗari irin wannan izinin, wanda ake sayar maka kai kaɗai shi ake kira exclusive kuma ya fi tsada sosai. Content ID na YouTube inji ne, sauti kawai yake kwatantawa, duk wanda ya riga ya yi rajistar kiɗan shi zai riƙa kwashe kuɗin tallar. In akwai takardar lasisi ka karɓa ka ƙalubalanci kamun da ita, in babu kar ka danna dispute da ƙarya, tashar taka za ka jefa a matsala.

Na uku, da ka ce ka biya shi kaf, me ka saya? A dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, miƙa haƙƙin mallaka gaba ɗaya sai a rubuce yake tabbata. Ka ga ke nan alert ɗin banki shaida ce ta cewa ka biya kuɗi, amma ba ta faɗi ko kiɗan ya zama naka ba. Na san mu da kunya, ka ce wa wanda kuke cin abinci a kwano ɗaya ya sa hannu a takarda sai ya ce ba ka yarda da ni ba ne, amma rabin shafi ya isa, sunan waƙa, nawa aka biya, wa ke da kiɗan, kaso nawa kowa zai samu, gyara sau nawa, ranar da za a miƙa aiki, ku sa hannu kowa ya ɗauki hoto. Biya kuma rabi a farko rabi in ya miƙa kaya. Tunda naka ya riga ya kai ga saɓani ka tattara hirarku ta WhatsApp da rasit ɗin banki, ka fara da wani babba da yake jin nauyinsa, in ta ƙi sai lauya ko Hukumar Haƙƙin Mallaka ta Najeriya.

Maganar kwamfuta ta lalace kuwa tana iya zama gaskiya. An taɓa kawo min laftof ɗin wani mai situdiyo da wuta ta dawo da ƙarfi ta ƙona, hard disk ɗin ya tafi da aikin mutane na shekaru, babu kwafi ko ɗaya a wani wuri, mun yi kwana uku a kansa abin da muka ceto bai kai rabi ba, mutumin har ya daina ɗaga waya don mawaƙa. Shi ya sa ranar da aka gama waƙa ranar za ka karɓi masta wato gamammiyar waƙar a WAV, da kiɗan zalla, da muryar zalla, da wadda aka cire babbar murya aka bar amshi don hawa dandamali, da sitem ɗin duka, ka ajiye a Drive ka kuma ajiye a filash. Wasu na nacewa sai an ba su fayil ɗin manhajar haɗa kiɗan kansa, wato FL Studio, ba laifi in ya yarda, amma ka sani in ba ka da irin fulogin ɗin, wato ƙananan manhajojin sauti, da ya yi aiki da su zai buɗe ne da ramuka, sitem ya fi shi amfani.

Tambaya: Na gaji da biyan kuɗi ina so in fara ɗaukar muryata a gida, wani ya ce zai sa min FL Studio kirak, wace laftof zan saya?

Amsa: RAM kar ya gaza 8GB, 16 ya fi in da hali, kuma lallai mai SSD, tokumbo Core i5 mai lafiya ta ishe ka ɗaukar murya. Kuɗin da ya rage ka sa a ɗan sawun kad, wato akwatin da ke haɗa makirfo da kwamfuta, da makirfo, su ne za a ji a waƙar ba kyan laftof ba. Kirak kuwa, wato manhajar da aka fasa don a yi amfani da ita ba biya, ban ba ka shawara ba, sau da yawa da virus yake zuwa, kuma a kwamfutar nan imel ɗinka da asusun dillalinka suke zaune. FL Studio na gwaji yana barinka ka yi aiki ka fitar da WAV, sake buɗe aikin da ka ajiye ne kawai ba ya bari sai ka saya. Reaper na ba da kwana 60 na gwaji, lasisinsa dala 60, Audacity kuma kyauta ne gaba ɗaya, tunda murya kawai za ka ɗauka ka tura wa mai mikisin ko shi ya ishe ka farawa.

Mai tambaya a kan wayar da take zafi in ana caji, na gani, sai sati mai zuwa in Allah ya kai mu.