Masu shiga a lallaɓe a teburin poka: ga abin da na gani

Salam ɗan'uwa. Na karanta tambayarka a kan mutanen da suke cika teburin Texas Hold'em a intanet, waɗanda kafin a buɗe katunan tsakiya (katuna biyar da ake buɗewa a tebur, kowa yana haɗa su da biyun hannunsa) ba sa ɗaga kuɗi, sai dai su biya babban dole (mafi girma cikin kuɗin tilas biyu da ake zubawa kafin a raba kati) kawai su lallaɓa su shigo, amma duk da haka kana tashi da asara a hannunsu. Ni da kuɗin wasa nake bugawa, ba na sa na gaske don ba na caca, kuma a irin teburanmu ne waɗannan mutane suka fi yawa. Shekara huɗu ke nan ina fama da su.

Zargina shi ne burga kake yi musu, wato kana zuba kuɗi ba ka da kati mai kyau don su tsorata su ajiye nasu. Ni ma ita ta cinye ni da farko. Burga tana aiki ne a kan mai iya zubar da katinsa, shi kuwa wannan ya zo ne don ya ga katunan tsakiya, ba ya son a kore shi. Ka zuba masa sau uku babu komai a hannunka, zai bi ka har ƙarshe da ƙaramin tagwai, wato kati biyu masu lamba ɗaya, ya kwashe. To ka juya abin: tunda ba ya gudu, ka sa ya biya da tsada duk lokacin da katinka ya fi nasa.

Tun kafin a buɗe tsakiya ake fara wannan. Idan mutum ya lallaɓo kana bayansa da kati mai kyau, kada ka lallaɓa kai ma. Ɗaga. Lissafin da aka saba shi ne babban dole uku, ka ƙara ɗaya a kan kowane mai lallaɓowa, ka sake ƙara ɗaya idan kai za ka riƙa fara magana bayan an buɗe. Masu lallaɓowa biyu ke nan biyar ko shida. A teburin kuɗin wasa ni har bakwai ko takwas nake kaiwa, domin biyar ba ta korar kowa. Abin da kake nema shi ne ku rage ku biyu, kai da shi. Ga dalili: kati biyu da ba tagwaye ba suna haɗuwa da ɗaya daga katunan tsakiya uku na farko kusan kashi 32 cikin ɗari ne kawai, wato sau biyu cikin uku abokin karawarka bai samu tagwai ba. Amma idan mutum uku suka biyo ka, kusan bakwai cikin goma wani a cikinsu ya samu. A-K ɗinka (A, K, Q, J su ne manyan katuna, daga sama zuwa ƙasa) da take sarauta a kan mutum ɗaya, a cikin taro ba ta da wannan kwarjinin.

Kujera ma tana da nata. Idan ina kujerar mai rabo, ni ne na ƙarshen magana bayan an buɗe tsakiya, nakan ɗaga da A-9, K-10, Q-J da tagwayen 6 zuwa sama. Idan ina kujerar ƙaramin dole, wadda ke fara magana bayan an buɗe, sai in rage katunan da nake shiga da su sosai. Ƙananan tagwaye kamar 3-3 ne kaɗai nake yarda in lallaɓa da su bayan mutum biyu ko uku, saboda kati na uku mai irin lambarsu yana faɗowa a buɗewar farko kamar sau ɗaya cikin takwas da rabi, kuma idan ya faɗo waɗannan mutanen za su biya ka har ƙarshe.

Bari in ba ka labarin hannu biyu, wato rabon kati biyu, da na buga da mutum ɗaya a dare ɗaya. Na farko ina da A-Q a kujerar mai rabo, ya lallaɓo, na ɗaga, ya biyo shi kaɗai. Aka buɗe Q, 7, 3. Na zuba kashi biyu cikin uku na kuɗin tsakiya, ya bi. Kati na huɗu 9, na sake, ya bi. Na biyar 2, na sake, ya bi, ya buɗe Q-5. A da can da na tsaya a zagaye na biyu don tsoro, in bar masa kuɗin da ya riga ya shirya bayarwa.

Bayan kamar rabin awa na sake samun A-Q. Tsakiya ta zo A, 9, 4, na zuba, ya bi. Da aka jefo wata 4 na zuba, sai ya ninka ni uku. Tun zamana ban ga ya ɗaga ko sau ɗaya ba. Zuciyata ta ce in ajiye, na ƙi, na bi shi har ƙarshe. Ya buɗe 5-4. Duk abin da na ci a hannun farko ya koma, har da ƙari, kuma laifina ne, domin mutumin ya gaya mini gaskiya da kuɗinsa na ƙi ji. Mai sanyin wasa idan ya ɗaga a kati na huɗu ko na biyar, tagwai ɗaya ba ya isa, ko da na A ne. Haka idan ya lallaɓo daga kujerar farko, wadda ke fara magana kafin a buɗe tsakiya, ka ɗaga, ya sake ɗagawa a kanka: sau da yawa A-A ne ko K-K ya ɓoye. Ajiye A-J ɗinka ba tare da jayayya ba.

Ka kuma yi tambaya a kan yadda za ka gane su. Masu amfani da PokerTracker ko Hold'em Manager, manhajojin da ke bin diddigin yadda 'yan wasa suke bugawa, suna duba lambobi biyu, VPIP da PFR, wato sau nawa mutum yake sa kuɗi da ganin damarsa, da sau nawa yake ɗagawa kafin buɗewa. Gogaggen ɗan wasa a teburin mutum shida lambobinsa suna kusa da juna, kamar kashi 24 da 20 cikin ɗari. Wanda muke magana a kansa za ka ga irin 45 da 6. Wasu dandalin sun hana waɗannan manhajoji, to ka duba dokar naka tukuna. Ni ba na amfani da su. Ina zama zagaye biyu ko uku ina kallo, duk wanda na ga ya lallaɓo sau uku sai in sa masa alamar launi. Idan kujerar da ke hagunsa ta samu sarari, can nake komawa, don ya riƙa magana kafin ni.