Na Canza Wa Tocila Direba, Nisa Bai Ƙaru Ba Sai Zafi

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina gadin gonarmu a bakin kogin Binuwai kusa da Garwa, dorina na shigo mana da dare. Na kai tocilata mai ƙwan LED samfurin XM-L T6 wurin mai gyara, ya cire direbanta, wato 'yar na'urar da ke daidaita wutar da ke zuwa ƙwan, ya sa mai ƙarfi, ya ƙara mata tsawo ta ɗauki batir lithium samfurin 18650 guda biyu da ya ciro daga tsohuwar kwamfuta. Nisan bai ƙaru sosai ba, ga zafi har ba ta riƙuwa, kuma batir ɗaya ya fara wani wari. Hankalina ya tashi.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kafin komai, cire batiran nan yanzu, ka ajiye su a waje cikin yashi, nesa da ɗaki.

Nisa ba lumen (yawan hasken gaba ɗaya) ke kawo shi ba, kandela ce (ƙarfin hasken da ya tattaru a tsakiya). A ma'aunin ANSI FL1 da ake gwada tociloli da shi, tocila mai kandela 40,000 tana kai mita 400. Kana son mita 800 sai ka sami 160,000, ninki huɗu. Ko direba ya ƙara maka rabin hasken da kake da shi, ƙarin nisan da za ka samu kusan kashi 22 cikin 100 ne kawai. XM-L kuwa amfiya 3 aka ƙayyade masa, fuskarsa kuma tana da faɗi. Mai neman nisa ƙwai mai ƙaramar fuska yake sawa, irin Osram CSLNM1, ko kuma marar kumbo a samansa irin Luminus SFT-40, a kan faifan tagulla da man sanyaya, cikin kwanon tattara haske mai santsi da faɗi irin na tocilar Convoy C8. Sai a zaɓi direban da ya dace da ƙwan.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne maganar da nake ji kullum a rumfunan gyara, wai batir ai batir ne. Wallahi ba haka ba ne. Batirin kwamfuta an yi shi ne don ya riƙa ba da wuta kaɗan-kaɗan, kuma wanda aka ciro daga matacciyar kwamfuta ya riga ya gaji. Idan ka jera biyu da ƙarfinsu bai zo ɗaya ba, mai rauni zai riga ƙarewa, ɗan'uwansa ya ci gaba da tura wuta ta cikinsa a baibai. Daga nan sai zafi, sai iska mai kama wuta, a cikin bututun alminiyam da aka ɗaure da murfi gaba da baya, a hannunka, dab da fuskarka. Warin da ka ji alama ce ruwan cikinsa ya fara fita. Kuma duk jikin batirin nan wuta ce, ledar da aka naɗe shi da ita kaɗai ke raba shi da jikin tocila; masu ciro su da filaya suna yage ledar, su miƙa wa mutum ko a jikinsu. Ƙara da zafin Garwa a Maris da Afrilu, da ke haura digiri 40, alhali bai kamata a yi cajin irin wannan batir sama da 45 ba. Wani ma a kan kwanon rufi yake barinsa da sola!

Batiran da aka rubuta wa 9900mAh (ma'aunin yawan cajin da batir ke ɗauka) kuma ƙarya ce tsagwaronta. Batirin 18650 na gaskiya bai cika wuce 3500 ba. Mai sayar da su ya sani, mai gyaran ma ya sani, amma saboda ribar sefa kaɗan su sa idon mutum a haɗari. Ku ji tsoron Allah, amana aka kawo muku.

Koma batir ɗaya sabo mai jure jan wuta, kamar Samsung 30Q ko Molicel P28A, daga hannun wanda ka yarda da shi, da caja mai tsayawa a 4.2V. Tsofaffin biyun nan kada ka sake cajinsu, kada kuma ka bari yara su ɗauka.