Yayata ta ce ina da cutar kambama kai, shin gaskiya ne?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Shekara da shekaru ni ake ɗora wa komai a gidanmu, ban taɓa cewa a'a ba, har jikina ya fara gaya mini: ba barci, ba natsuwa. Da na fara cewa ba zan iya ba a wasu abubuwan, sai yayata ta turo mini wani bidiyo mai lissafa alamomin "nasisis", wato mai cutar kambama kai, ta ce duk halina ne. Na kalla, na ga wasu sun yi kama da ni. Tun ranar hankalina bai kwanta ba. Ina da wannan cutar ne? Tana da magani?

Amsa: Malama, sannu da ƙoƙari. Ba a gano wannan larura ta wasiƙa, don haka ba zan yanke hukunci ba. Amma macen da ta kwashe shekaru tana ɗaukar nauyin wasu har ta gaji, kuma yau abin da ke hana ta barci shi ne tsoron ta cuci 'yan'uwanta, ba ita muke gani ba idan ana maganar larurar kambama kai.

Larurar ta shiga kundin cututtuka na Ƙungiyar Likitocin Ƙwaƙwalwa ta Amurka a 1980. A bugun 2013 alamominta tara ne, sai mutum ya cika aƙalla biyar: ganin ya fi kowa, ƙishirwar yabo, jin cewa komai haƙƙinsa ne, amfani da mutane don biyan buƙata, rashin tausayi da sauransu. Kuma dole halin ya zauna tun farkon girmansa, ya bi shi gida da wurin aiki da cikin abokai, yana ɓata masa zama da mutane. Halin da ya fara kwanan nan don kin gaji bai shiga wannan lissafi ba.

Bari in tsaya kan bidiyon nan, don shi ne ciwon kaina kullum. Mace za ta shigo ofishina, kafin ta zauna ta miƙo mini waya, hotunan rubuce-rubucen da ta ɗauko daga intanet sun fi ƙarfin kallo, ta ce "Likita, na riga na gano, mijina nasisis ne, ka tabbatar mini kawai." Ko kuma irinki, an jefe ta da kalmar ta zo tana kuka. Wa ya yi gwajin? Wani ne a TikTok ko Facebook da ya naɗa wa kansa sunan kocin rayuwa, bai taɓa zama da majinyaci ba, kuma a ƙarshen bidiyon akwai darasin da yake sayarwa. Ki sake duba alamomin da ya lissafa: yana son a yabe shi, ba ya son a kushe shi, wani lokaci yana tunanin kansa kafin wasu. Wane ɗan Adam ne ba ya cikin wannan? Da gangan ake faɗaɗa su don kowa ya ga wani nasa a ciki ya tura gaba. Kamar mai tarin mura ne ya ji an ce tari alamar tarin fuka ce, ya fara rabon gado.

Su kansu likitocin ƙwaƙwalwa a Amurka, tun 1973 ƙa'idar aikinsu ta hana su fitowa fili su ce wani sananne yana da cuta kaza alhali ba su duba shi ba. Wanda ya yi shekaru yana karatu an ɗaure masa baki, amma mai kyamara da fitila yana raba wa surukan mutane da iyayensu cuta cikin minti ɗaya! Ɓarnar kuwa ba ƙarama ba ce. An mayar da kalmar sandar dukan duk wanda ya ce a'a. Wasu kuma an koya musu cewa ƙaunar kai ita ce yanke hulɗa da duk wanda ya faɗa musu gaskiya, sai ka ga mutum ya rabu da kowa yana cewa yana gina kansa. Wadda ta fi ɗaga mini hankali ita ce matar da ake duka ko ake tsorata ta, ta zauna tana nazarin wane irin nasisis take aure, maimakon ta nemi mafaka da taimako. Duka ba ya jiran sunan cuta kafin a guje masa.

Ganin darajar kai daban, kambama kai daban. Wani bincike da aka wallafa a 2015 kan yara 565 a ƙasar Holan ya nuna cewa yaran da iyayensu ke ɗaukar su sun fi sauran yara sun fi nuna kambama kai, waɗanda kuma suka samu kulawa da ƙauna sun fi yarda da darajar kansu. Mai yarda da kansa yana iya cewa "na yi kuskure" bai rushe ba, ba ya buƙatar wani ya zama ƙasa da shi.

Batun magani: babu ƙwayar da ke warkar da larurar. Ana zama ne da masani a tattauna na dogon lokaci, magani kuwa sai idan akwai ciwon damuwa ko fargaba tare da ita.

Ke kam, rashin barcin nan ya fi bidiyon damuna. Idan ya haura mako biyu, musamman tare da ƙuncin rai ko rashin sha'awar abin da kika saba so, ki ga likita ido da ido. Yayarki kuma ki same ta cikin ladabi, ki ce mata, "Yaya, ajiye bidiyon, faɗa mini abin da na yi da ya ɓata miki rai." Idan ta kawo abu takamaimai kuma kina da laifi, ki ba ta haƙuri ki gyara. Idan duk ƙorafin shi ne kin daina ɗaukar abin da ya fi ƙarfinki, ki gaya mata abin da za ki iya da wanda ba za ki iya ba, ku raba sauran tsakaninku.