Amsa ga ƙanwata a kan CV ɗin lokotoro

Assalamu alaikum jama'ar gurup, ina wuninku. Ƙanwata, na ji muryarki tun da azahar, ina kan aiki ne shi ya sa ban amsa ba. Kin ce kin kare tez ɗinki, wato kundin binciken kammala karatun likita, a jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maradi, kina son ajiye dosiye, wato takardun neman aiki, amma ba ki san abin da za ki zuba cikin CV ba. To, saurara.

Shafi 2 ya isa, da Faransanci mai tsabta. A sama sunanki, lambar waya wadda ke shiga kullum, imel, sai lambar rajistarki ta ƙungiyar likitoci. Diploma layi biyu ne, ki wuce. Duk wanda ya kai dosiye neman aikin likita yana da irinta.

Inda nake son ki zauna shi ne wajen istaj, wato koyon aikin da kika yi a asibiti. Kada ki rubuta "na yi sashen yara" ki yi shiru. A ina? CHR ne, wato babban asibitin jiha, ko asibitin uwa da yaro? Wata nawa? Gado nawa ke hannunki daren da kike gadi? Kin sa wa yaro jini da kanki? Kin ɗebi ruwan baya? Kin taya a tiyatar haihuwa, sau nawa? Ki faɗa da lamba, amma lambar gaskiya, don wallahi ranar ganawa za a tambaye ki, kuma mai tambayar ya fi ki sanin aikin. In kin taɓa zama CRENI, sashen kwantar da yara masu tamowa mai tsanani, cikin damina, lokacin da tamowa da zazzaɓin cizon sauro ke haɗuwa, yara biyu a gado guda, wannan ki ɗora shi can sama. Ƙungiyoyi irin MSF, ta likitocin agaji, da ke aiki a Madarunfa, mai wannan hannun suke nema.

Ni kaina, CV ɗina na farko shafi 4 ne, har makarantar firamare na sa. Na kai wata ƙungiya, ko kira ba su yi ba. Har yau abin na yi mini ciwo, don na yi aikin, rubuta shi ne ban iya ba.

Harsuna ma kada ki raina. Hausarki jari ce, da ita uwa za ta gaya miki abin da ta ba yaro a gida. In kina jin Fulatanci ko Zabarmanci ki sa. In za ki iya zama daji, Dakoro ko Mayahi, ki faɗa fili.

Sai shaidu, mutum 2 ko 3 da suka ga aikinki, kuma ki nemi izininsu tukuna. Takardar kotu mai nuna ba ki da laifi, kada ta wuce wata 3, don haka sai an buɗe neman aiki za ki ciro ta. Ki aika PDF, ban da hoton waya.

Ki rubuta, ki turo mini ta gefe bayan isha'i, in duba miki kafin in shiga gadi.