Amsa: Fassara umarnin shafa man fuska zuwa Faransanci

'Yar'uwa, kin ce kina haɗa man fuska da man kitso, kina son kai su Maraɗi da Damagaram, kuma kina tambaya ko fassarar waya ta wadatar wajen mayar da rubutun kwalbar daga Turanci zuwa Faransanci. Gaskiya ba ta wadatar ba, domin abu ne da zai hau fatar mutane.

Faransanci yana da nasa salon ba da umarni a jikin kaya. Ana rubuta "Appliquer sur une peau propre et sèche", wato a shafa a fata mai tsabta kuma busasshiya, sai "Rincer abondamment" idan ana so a ɗauraye sosai. Gargaɗi ma yana da jimlolinsa da kowa ya saba gani: "Éviter le contact avec les yeux", wato kada ya shiga ido, da "Tenir hors de portée des enfants", wato a ajiye inda yara ba za su kai ba. Waɗannan kada ki sake musu fasali, ki sa su yadda suke.

Jerin sinadaran kuwa ba a fassara shi. Sunayen INCI ne, wato sunayen ƙasa da ƙasa na sinadaran kayan kwalliya, iri ɗaya a ko'ina: ruwa Aqua, man kaɗanya Butyrospermum Parkii Butter. Awo ki sa shi da ml, kuma ki tuna masu Faransanci waƙafi suke sawa a lamba, 2,5 maimakon 2.5.

Faransanci ya fi Turanci cin wuri, don haka ki bar fili a takardar. Kafin ki kai wa mai bugawa, ki samu mai kantin magani a Nijar ya karanta miki ita tukuna.